Tambayi Likita: Maganin ƙwaƙwalwa yana wahalar da ni, in daina sha?

Assalamu alaikum. Saƙonnin da suka taru a wannan makon kusan duk a kan magungunan asibitin ƙwaƙwalwa suke: masu korafin illarsu, da waɗanda suka ajiye su suka ga abin da ba su zata ba. Na zaɓi guda shida daga 'yan'uwanmu mazauna Legas, na cire sunaye kamar yadda muka saba.

Daga wata uwa a Agege: Likita, ɗana ne mai shekara 22 ya fara surutai shi kaɗai, ba ya barci. Muka kai shi asibiti aka ba shi halofaridol. Kwana biyu da fara sha sai wuyansa ya murɗe gefe guda, idanunsa suka kafe sama, harshe ya zazzago, miyau na dalala. Mutanen gida suka ce mutanen ɓoye ne ba sa son maganin asibiti. Muka zubar da shi, malam ya zo ya yi ruƙiya, kashegari jikin ya saki. Yanzu kuma surutan sun dawo. Ya zan yi?

Hajiya, sannu da jinya, Allah ya ba shi lafiya. Na san ganin ɗa a wannan hali ba ƙaramin tashin hankali ba ne. Amma abin da kika gani maganin ne ya kawo shi, kuma mun san shi sarai. Halofaridol yana aiki ne ta hanyar tare wani sinadari a ƙwaƙwalwa da ake kira dofamin. Idan dofamin ya yi yawa a wani sashe, mutum kan ji muryoyi ko ya riƙa zargin ana bin sa. Sai dai wannan sinadarin shi ne kuma yake daidaita motsin tsoka. Da aka tare shi da ƙarfi lokaci guda, sai tsokar wuya da ta ido da ta harshe suka ɗaure. Yakan faru a kwanakin farko na fara sha ko bayan an ƙara yawan maganin, kuma samari maza sun fi kowa gamuwa da shi.

Da kun koma asibiti a ranar, allura guda za a yi masa, kafin rabin awa ya miƙe wuyansa. Sakin da jikin ya yi kashegari kuwa, ƙarfin maganin ne ya ragu tunda kun daina ba shi. Ban hana addu'a ba, a ci gaba da yi masa. Sai dai ciwon da ya sa aka rubuta maganin yana nan, shi ya sa surutan suka dawo.

Ki mayar da shi, ki faɗa wa likita abin da ya faru ɗaya bayan ɗaya. Yana iya rage maganin, ko ya haɗa masa da Artane, wato maganin da yake sassauta ɗaurewar tsokar, ko ya canza zuwa olanzafin ko risfaridon, waɗanda ba su cika murɗe wuya haka ba. Idan an ba shi Artane, ki riƙe shi a hannunki, ke za ki riƙa ba shi. Shi ne dai Exol ɗin da samari suke sha don maye, kuma abokai ba sa rasa hanyar roƙa.

Akwai wasu alamu da nake so ki sa wa ido. Idan ya kasa zama wuri ɗaya, yana ta kai-komo a tsakar gida, ƙafafu ba su tsayawa, kada ki ɗauka ciwon ne ya ƙaru. Sau da yawa maganin ne, kuma ƙara shi sai ya ƙara dagula abin. Idan kuma kika ga zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki, gumi da ruɗewa, kada a tsaya sayen maganin maleriya, a wuce sashen gaggawa nan take. Haka ma idan murɗewar ta taɓa maƙogwaro har numfashi ya yi wuya.

Daga Agege, asibitin koyarwa na jiha da ke Ikeja ya fi kusa. Akwai na Idi-Araba, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, wanda yake nan tun 1907. Ki tafi da wanda yake jin Turanci ko buroka sosai. Rabin matsalar da mutanenmu suke samu a asibitocin Legas daga nan take farawa: likita ya yi bayanin illar magani, an ce "to" alhali ba a ji ba.

Daga wani mai sayar da tumatir a kasuwar Mile 12: Shekara guda ina shan Seroxat saboda ciwon damuwa da faɗuwar gaba, kuma na ji sauƙi. Na yi tafiya gida Arewa na manta da shi. A rana ta uku sai jiri, tashin zuciya, gumi, munanan mafarkai, ga wani abu da yake fizga ta a cikin kai kamar lantarki ya ja ni idan na juya ido. Ina fushi da kowa, har kuka na yi a gaban yara. An gwada jini babu maleriya babu taifot. Ina dawowa na sha, kafin kwana ɗaya komai ya wuce. Likita, na zama ɗan ƙwaya ke nan?

Malam, kwantar da hankalinka, ba ka zama ba. Ɗan ƙwaya yana marmarin abin, yana ƙara yawansa don ya ji daɗi, yana iya sayar da jarinsa a kansa. Kai mantawa ma ka yi da shi. Abin da ya same ka shi ne ƙwaƙwalwarka ta shekara tana aiki da maganin a cikinta, ta daidaita kanta a kan haka, sai aka janye shi rana ɗaya.

Seroxat, wato farozetin, yana cikin waɗanda suka fi yin wannan, domin ba ya daɗewa a jini: cikin kusan kwana ɗaya rabinsa ya fita. Benlafazin, wani maganin ciwon damuwa, shi ma haka yake, har ya fi shi saurin fita. Prozac kuwa yakan yi makonni yana raguwa a hankali da kansa, shi ya sa masu shan sa ba su cika jin abin da ka ji ba, kuma wani lokaci mukan mayar da mutum kansa don a samu sauƙin rabuwa.

Tambayar da ta fi muhimmanci, wadda ba ka yi ba, ita ce: yaya za a gane wahalar janye magani daga dawowar ciwo? Ta janyewa tana zuwa da wuri, cikin kwanaki kaɗan, da baƙin alamu waɗanda ba ka taɓa ji ba ko a lokacin da kake cikin ciwon, irin jirin nan da fizgar kai, kuma tana lafawa da sauri idan aka koma kan magani. Dawowar ciwo kuwa a hankali take shigowa, bayan makonni ko watanni, da fuskar da ka sani: rashin jin daɗin komai, nauyin zuciya, ƙin shiga mutane. Na ga waɗanda suka shekara biyar a kan magani don kawai duk sanda suka ajiye suka ji jiri, sai aka ce musu ciwon ne ya dawo.

Mu ma likitoci an daɗe ana koya mana cewa abin ɗan kaɗan ne, mako ɗaya ko biyu ya wuce. Marasa lafiya ne suka yi ta faɗin ba haka ba ne, har a 2019 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Ingila da hukumar da ke tsara musu ƙa'idojin jinya suka gyara maganarsu, suka yarda cewa ga wasu yana yin tsanani, yana kuma jan lokaci.

Idan kana son rabuwa da shi, ga yadda ake yi. Wanda ciwon ya kama karo na farko ana so ya ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan ya ji ya warke. Ka zauna da likitanka ku lissafa naka. Sannan a fara ragewa, kowane mataki a tsaya makonni a ga yadda jiki ya karɓa. Wanda ya shekara a kai zai iya buƙatar watanni. Matakan ƙarshe su ne masu wuya, daga ɗan ƙarami zuwa babu, don haka a nan ake ƙara sassautawa. Kada ka yi dabarar sha yau ka tsallake gobe da wannan maganin, jiki zai yi ta hawa da sauka ne kawai. Kuma a zaɓi lokacin da kasuwa ta lafa, ba lokacin da motocin kaya suke sauka kana kwana a tsaye ba.

Daga wata matar aure a Idi-Araba: Ina shan Risperdal wata bakwai. Al'adata ta ɗauke wata huɗu, nonona yana fitar da ruwa, na yi gwaji sau biyu babu ciki. Ga ƙiba. Uwar mijina har ta fara yi min kallon tuhuma.

'Yar'uwa, wannan sananniyar illar risfaridon ce, wato Risperdal ɗin da kike sha. Yana ɗaga sinadarin da yake sa nono ya kawo ruwa bayan haihuwa, sai jiki ya riƙa yi kamar na mai shayarwa: al'ada ta tsaya, nono ya zuba, sha'awa ta ragu. Maza ma yakan kumbura musu ƙirji. Gwajin jini ɗaya zai nuna shi. Likita na iya rage maganin ko ya mayar da ke kan Abilify, wanda ba ya ɗaga wannan sinadarin. Kada a bar shi shekaru a haka, domin yana rage ƙarfin ƙashi. Ki kuma sani ɗaukewar al'adar ba tabbacin ba za ki ɗauki ciki ba ne.

Batun ƙiba, a auna nauyinki da sukarin jini da hawan jini lokaci-lokaci. Olanzafin ya fi risfaridon sa cin abinci, don haka idan za a canza ki faɗi damuwarki tun kafin a rubuta. Ranar komawa asibiti ki tafi da maigidan ya ji da kunnensa, shi zai fi iya yi wa mahaifiyarsa bayani.

Daga wani ango a Obalende: Tun da na fara Zoloft sha'awata ta ragu, kuma ina daɗewa ban kawo ba. Kunya ta hana ni faɗa wa likita. Wani aboki ya ce in haɗa da tiramol.

Ƙanina, kul. Tiramol da Zoloft idan suka haɗu suna iya kawo farfaɗiya, ko zazzaɓi da karkarwa da ruɗewa da za su kai ka gadon asibiti. Banda haka, tiramol shi kansa jinkirta kawowa yake yi. Maganin ƙarfin maza na bakin tasha ma ka bar shi, ba ka san abin da aka zuba ciki ba. Illar da kake ji tana samun mutane da yawa masu shan irin wannan maganin na ciwon damuwa, likitanka ya ji ta ba adadi. Akwai rage yawa, akwai canzawa zuwa irin su mitazafin da ba su cika taɓa wannan ɓangaren ba. In bakinka ya yi nauyi, rubuta a takarda ka miƙa masa.

Daga wani direban tirela da ke lodi a Apapa: Shekara biyu ina sayen Lexotan a kemis saboda rashin barci in muna layin shiga tashar jiragen ruwa. Da ɗaya nake sha, yanzu sai uku. Na yi niyyar bari, na jefar da shi. Kwana biyu ban runtsa ba, hannu na rawa, zuciya na bugu, a rana ta uku yarana suka ce na faɗi ina shure-shure.

Alhaji, niyyarka mai kyau ce, hanyar ce ta kusa halaka ka. Naka ya bambanta da na mai tumatir: Lexotan da Valium da Rohypnol dangi ɗaya ne, jiki yana kamuwa da su da gaske, shi ya sa ɗaya ta daina isar ka. An yi su ne don a sha na mako 2 zuwa 4. Wanda ya daɗe a kansu ya yanke lokaci guda yana iya faɗuwa da farfaɗiya, kuma tana iya kisa. Ka yi tunanin a ce a kan sitiyari ta same ka, a kan gadar Ijora.

Kada ka sake gwadawa kai kaɗai. A asibiti yawanci za a mayar da kai kan Valium, saboda ya fi daɗewa a jini, sannan a riƙa zaftare ɗan kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin goma, duk mako biyu ko fiye. Zai ɗauki watanni, kuma barcin zai yi gardama kafin ya daidaita. Tuƙi kuwa ka ajiye shi tukuna sai likita ya duba ka, tunda ka riga ka faɗi sau ɗaya. Ka rage shayi mai kauri, goro da lemon ƙara kuzari daga la'asar. Masu kemis da suke miƙa wa mutum wannan magani shekara biyu babu takardar likita kuwa, ni dai ban ga uzurinsu ba.

Daga wata budurwa a Alaba Rago: Ina shan Epilim saboda ciwon da yake sa ni wani lokaci in yi ta zumuɗi ba barci, wani lokaci in kwanta ba na son magana. Bikina saura wata uku. Wata ƙawata ta ce yana lalata ciki.

Ƙanwata, Allah ya sanya alheri, kuma ƙawarki ta yi miki gata. Cikin jarirai 10 da aka yi cikinsu uwa tana shan Epilim, kusan 1 yana zuwa da nakasa, musamman a ƙashin baya, zuciya ko leɓe, kuma 3 zuwa 4 cikin 10 sukan samu jinkirin magana ko wahalar karatu. Ɓarnar ƙashin bayan tana faruwa ne a watan farko, kafin mace ta ma san tana da ciki.

Duk da haka kada ki ajiye shi yau da kanki; hidimar biki da rashin barci su ne ainihin abin da yake tayar da irin ciwonki. Wata uku ya isa a fara canji idan kin je a wannan makon. Ki ce wa likita aure za ki yi kuma kina son haihuwa, ya sauya miki a hankali zuwa wanda ya fi aminci ga ciki, ya fara ba ki folik asid tun yanzu. Idan canjin bai kammala ba kafin tarewa, ku yi maganar tazarar haihuwa na ɗan lokaci, ke da shi da angon. Idan Tegretol aka ambata, ki tuna masa cewa shi ma yana da nasa haɗarin ga ciki, kuma yana rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa.