Barista, daga ina zan fara da dokar filaye?

Tambaya: Ni sabon lauya ne a Kano, kuma shari'o'in fili sun fara zuwa mini. Ta ina zan ƙaro sani?

Amsa: Ƙanena, koma kan Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, musamman sashe na 22: mai takardar mallaka ba ya sayarwa ko jinginarwa sai da amincewar gwamna. A shari'ar Savannah Bank da Ajilo, 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka yi ba da amincewar gwamna ba. Bitocin ƙungiyar lauyoyi ta NBA suna da amfani, ka riƙa halarta. Amma ni dai na fi son ka taka KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Jihar Kano, ka koyi binciken fayil, sannan KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ka ga yadda ake neman izinin gini.