Gashi, da batun hanta da jini

Wata baiwar Allah daga Jekadafari a Gombe ta aiko da tambaya: "Malam, likita ya ce za a yi wa babanmu gashi saboda ciwon dajin hanta. Tsohon ya kafe, wai shi ba tsire ba ne. Me ya sa ake kiran abin gashi?"

Allah ya ba Baba lafiya. Gaskiyarsa, sunan na da ban tsoro. Wannan gashin daga gasa yake, kamar gashin masara, wasalinsa gajere, saɓanin gashin kai da ake jan wasalinsa. Rubutunmu ne bai bambanta su ba. A ganina fata ce ta jawo sunan, domin wurin da aka haska yakan yi duhu ko ya saɓule kamar an sha rana. Amma babu wuta a ciki. Majinyaci zai kwanta, na'ura ta kewaya shi 'yan mintuna, ya tashi bai ji zafi ba. Haske ne da ido ba ya gani, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi tun da Bajamushe Rontgen ya gano shi a 1895, sai dai an ƙara masa ƙarfi. Aikinsa tsinka zaren halitta da ke cikin ƙwayoyin ciwon, su kasa hayayyafa. Shi ya sa ƙarin, wato kumburin ciwon, ba ya motsewa nan take, sai an ɗauki makonni, wani lokaci watanni.

Wani malamin makaranta daga Kumo kuma cewa ya yi: mene ne asalin "kamar hanta da jini"?

Malam, ma'anarta shaƙuwar da ba ta rabuwa, ta aminai ko ta uwa da ɗa. Asalinta kuwa, tsaya gaban mahauci da safe ka gani. Ya yanka hanta ya ɗora a faranti, ya goge, kafin ya juya jini ya sake tsattsafowa. Na haɗa tambayarka da ta sama da gangan, domin likitoci sun tarar da abin da mahauta suka daɗe da sani. Hanya biyu jini ke shiga hanta: kusan kashi uku cikin huɗu ta jijiyar da ta taso daga hanji, ragowar ta wadda zuciya ke turowa. Ƙarin ciwon daji ta biyun yake zuƙa. A 1971 wani likitan Amurka, Judah Folkman, ya kawo hujjar cewa ƙari ba ya wuce milimita ɗaya ko biyu sai ya samu sababbin jijiyoyi. To ta yaya yake samu? Kira yake yi. Yana fitar da wani sinadari mai suna VEGF, jijiyoyin da ke kusa su amsa, su yi rassa zuwa gare shi.

Gashi mai ƙarfi yana lalata waɗannan jijiyoyin ma. Sai dai ƙwayoyin da suka tsira, da iskar numfashi ta yi musu ƙaranci, sukan ƙara ɗaga muryar kiran, kuma su ne suka fi taurin kai ga hasken. Nan Bahaushe zai ce an kashe maciji ba a sare kansa ba. Don haka ake da magungunan toshe kiran, irin su sorafenib da aka amince da shi don dajin hanta a 2007, kuma likita yakan ci gaba da duba hoton hanta bayan an gama.

Kalmar jijiya kanta fitina ce ga mai fassara: ta jini, ta laka, ta agara, har saiwar bishiya, duk jijiya muke cewa. Wannan sai wani makon.

'Yar'uwa ta Jekadafari, hantar Baba ce ta kaɗa da jin sunan. Ki ce masa haska wurin za a yi, ki kuma roƙi likitan ya nuna masa na'urar kafin ranar.