Likita, da gaske haka ake yi a asibiti? Amsoshi ga masu kallon wasan barkwancin likitoci

Assalamu alaikum masu karatu. Kusan rabin saƙonnin da suka taru mini a wannan makon abu guda ne ya haifar da su: wasan barkwancin nan na Turawa da ake maimaitawa da Faransanci a tashoshin tauraron ɗan'adam, inda likitoci da nas-nas na wani asibiti ke tsokanar juna, suna soyayya, suna ceto rai cikin minti ashirin. Bayan isha'i na zauna da yarana na kalli kashi uku, don in san abin da ake tambayata a kai. Wasan yana da ban dariya. Amma na ga abubuwan da in mutum ya ɗauke su ilimi ya yi aiki da su a gida, rai zai iya salwanta a hannunsa. Su na sa a gaba.

Tambaya: Likita, yayana ya yanke jiki ya faɗi a gida da azahar. Kafin mu sami mota mu kai shi asibiti an yi kusan minti arba'in. Likitan ya duba shi ya ce rai ya yi halinsa. A wasan nan ina ganin ana ɗora wa mutum wasu ƙarafa biyu a ƙirji, a ba shi wuta, ya farfaɗo. Me ya sa ba a yi wa yayana ba? Rashin kuɗi ne ko rashin na'ura? (Ɗan mashin, daga Marwa)

Amsa: Allah ya jiƙan yayanka, ƙanena, ya ba ku haƙurin rashinsa. Ka cire wa ranka wannan zargin. Bayan minti arba'in, ko a Faransa aka kai shi, na'urar ba abin da za ta yi masa.

Zuciya tana da wutar kanta da ke tsara bugunta. Wani lokaci wutar nan takan rikice, zuciya ta daina bugawa ta koma karkarwa. Ka taɓa ganin naman da aka yanka yanzu-yanzu yana motsi a kan teburin mahauci? To haka take yi, tana motsi amma ba ta tura jini ko'ina. Aikin na'urar shi ne ta dakatar da wannan karkarwa gaba ɗaya, ko zuciya ta sami damar komawa bugunta na asali. Karkarwar kuwa mintoci kaɗan take yi ta mutu. Da zarar layin nan na allo ya miƙe sambal, ba sauran abin da wuta za ta gyara. A talabijin daidai lokacin da layi ya miƙe ake ɗauko na'urar, mu kuwa a lokacin ne muka san ba ta da amfani.

A 1996 wasu likitoci a Amurka sun ƙirga mutanen da zuciyarsu ta tsaya a shirye-shiryen asibiti na talabijin, suka buga sakamakon a mujallar New England Journal of Medicine. Kashi 75 cikin 100 sun farfaɗo. A zahiri, ko a Amurka, wanda zuciyarsa ta tsaya yana kan gadon asibiti kusan ɗaya cikin huɗu ke komawa gida, wanda ta tsaya masa a gida ko a titi kuwa kusan ɗaya cikin goma.

Abin da ke da tasiri a mintocin farko hannun mutanen gida ne. Ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 in jini bai kai mata ba. In babba ya faɗi, ka kira shi ka jijjiga shi bai amsa ba, ba ya numfashi ko yana wani irin gurnani jefi-jefi, kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ba a katifa ba. Ɗora gindin tafin hannunka a tsakiyar ƙirjinsa, ɗaya hannun a kai, gwiwar hannu a miƙe, ka danna da nauyin jikinka har ƙirjin ya lotsa santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, wato kusan sau biyu a daƙiƙa. Wani ya ruga neman mota, kai kada ka tsaya. In ka gaji wani ya karɓe ka. Mota ta fi mashin a nan, don a bayanta ana iya ci gaba da dannawa. Kada a kwara masa ruwa, kada a ɗura masa komai a baki. Ko an yi duk wannan da yawa ba sa dawowa, amma wanda zai dawo ta nan yake dawowa.

Kai kuma ina roƙonka, ka je a auna maka hawan jini a wannan makon, kai da sauran 'yan'uwanka. In awon yana kai 140 bisa 90 ko fiye a lokuta daban-daban, magani ake farawa, ko da kana jin garau.

Tambaya: Ɗana mai shekara biyu ya taɓa yin jijjiga da zazzaɓi. Kakarsa ta cusa masa cokali a baki wai kada ya haɗiye harshensa. Na yi mata magana, sai ta ce ai ko a wasan asibitin nan ta ga an sa wa wani abu a baki. Wa ke da gaskiya? (Wata uwa, daga Gidar)

Amsa: Ke ce da gaskiya, 'yar'uwa, amma ki gaya wa Inna cikin ladabi, don tsoron rasa jikanta ne ya sa ta yi. Mutum ba ya haɗiye harshensa, a ɗaure yake daga ƙasa. Cokali kuwa na sha ganin ɓarnarsa: haƙori a karye, dasashi a yage, jini da amai sun gangara huhu. Akwai yaron da aka kawo mini jijjigar ta daɗe da tsayawa, abin da ya kwantar da shi kwana da kwanaki ciwon huhu ne daga man da aka ɗura masa yana cikinta.

In ta taso, ki kwantar da shi ta gefe a ƙasa, nesa da wuta da ruwa, ki sassauta masa riga, ki sa zane a ƙarƙashin kansa. Kada a danne shi, kada a yi masa turare a hanci, kada a ba shi ruwa ko rubutu sai ya dawo hayyacinsa sosai. Ki duba agogon waya. In ta kai minti 5, ko ta tsaya ta sake dawowa, ko bai farka ba, a ɗauke shi a haka a tafi. Ko ta tsaya da kanta, yaron da ya yi jijjiga da zazzaɓi a ƙasarmu ranar ake kai shi a gwada jininsa, domin da damina zazzaɓin cizon sauro mai tsanani muke fara zargi, da rani kuma sanƙarau. Ki kuma sanar da mutanen gida cewa kumfar bakin mai jijjiga ko mai farfaɗiya ba ta sa wa wani farfaɗiya. Mutane na gudun taɓa su a daidai lokacin da suka fi bukatar a janye su daga murhu.

Tunda yaronki bai kai shekara biyar ba, kada ki bari maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida da shi kowane wata da damina ya wuce shi, kuma a ba shi na kwana ukun cif, ba na ranar farko kaɗai ba. In kina da jariri, ki tambaya a cibiyar lafiyarku ko allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro ta iso gundumarku. Kamaru ce ƙasar farko da ta sa ta cikin rigakafin yara na yau da kullum, a watan Janairun 2024, ana farawa daga wata shida. Ba ta maye gurbin gidan sauro.

Tambaya: An nemi in ba matar ƙanena jini bayan haihuwa, na ji tsoro na biya wani ya bayar. A wasan na ga wanda ya ba da jini ya sume. Ba da jini yana rage ƙarfin namiji? (Ɗan kasuwa, daga Ngaundere)

Amsa: Ba ya ragewa, Alhaji, ta kowace fuska da kake nufi. Jikin babba yana ɗauke da jini kusan lita 5, abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba. Ruwan jinin yakan dawo cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ƙwayoyinsa cikin 'yan makonni. Masu jin jiri yawanci waɗanda suka zo da yunwa ne ko suka miƙe da sauri, kuma mintoci kaɗan yake wucewa. Ka ci abinci, ka sha ruwa, ka zauna kwata bayan an gama. Namiji lafiyayye da ya kai shekara 18 da kilo 50 yana iya bayarwa duk wata uku.

Sayen jini a bakin asibiti shi ne abin tsoro. Mai sayarwa yana iya ɓoye ciwonsa don kada kuɗi su wuce shi, yana kuma iya bayarwa a kai a kai har jininsa ya tsinke. Jinin ɗan'uwa ma sai an gwada shi, don sida, wato ƙanjamau, da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere. Ciwon hanta B ya yi yawa a yankinmu, mutane da dama ta wannan gwajin suka fara sanin suna da shi.

Tambaya: Ina so in yi gwajin sida kafin aure, amma a wasan nan ma'aikata suna hira da sirrin marasa lafiya a baranda suna dariya. Garinmu ƙarami ne. In haka ake yi, gara in haƙura. (Wata budurwa, ba ta faɗi garinta ba)

Amsa: 'Yata, kada ki haƙura. Abin da kika gani laifi ne, a dokar Kamaru ma tona sirrin aiki yana kai ma'aikaci kotu, kuma ƙungiyar likitoci ta ƙasa tana hukunta likitan da ya yi. Ko iyayenki, ko wanda zai aure ki, ba mai ikon jin sakamakonki daga bakinmu sai da yardarki. Ba zan ce miki ba a taɓa samun mai sakin baki a cikinmu ba, an samu, kuma abin yana ƙona mini rai. In kina da wanda kika sani a asibitin garinku, ki je na wani gari, ba mai tambayarki dalili. Gwajin ɗigon jini ne daga yatsa, sakamako kafin rabin awa. In ma aka samu, maganin kyauta ne a ƙasar nan tun 2007, kuma mai shansa kullum yana aure, ya haifi 'ya'ya lafiyayyu. Ki haɗa da gwajin sikila da na ciwon hanta, ke da shi duka.

Tambaya: Likita, ni dattijo ne. Na yi jinyar matata kwana tara, ciwon zuciya, ƙafafunta a kumbure. Wani dare ina zaune a tabarma a bakin ɗaki, tana nishi, sai na ji ma'aikata suna ƙyalƙyala dariya a ɗakinsu. Jikokina sun ce haka suke ko a talabijin. Zuciyarku bushewa take yi ne? (Wani dattijo, daga Hausare, Garwa)

Amsa: Baba, na karanta saƙonka sau uku. Na san tabarmar nan, na san butar da kwanon abinci da karne, wato littafin asibiti, a ƙarƙashin filo, na san yadda dare ke yi wa mai jinya tsawo. Dariya a irin wannan lokaci tana suka, kuma ba ka yi laifi ba da ka ji zafinta.

Bari in ba ka labarin wani dare nawa, a watan Afrilu, zafin Garwa ko da tsakar dare bai sauka ba. Wajen ƙarfe biyu wata yarinya 'yar shekara uku ta rasu a hannunmu, jininta ya ƙare kafin a sami mai bayarwa. Nas ɗin da ta cire mata robar ƙarin ruwa tana da 'ya tsararta. Ta naɗe yarinyar a zanen uwarta, ta raka su har bakin ƙofa, ta dawo ta tsaya a famfo tana wanke fuska, ta daɗe a wurin. Muka shiga ɗaki, wani ya zuba shayi daga fulas, ba mai magana. Can mai shara ya faɗi wata magana a kan takalminsa da ya tsinke, sai muka fashe da dariya, har da ita, idonta jawur. Ba a yi minti goma ba aka shigo da mai naƙuda tana zubar da jini, kuma hannun nas ɗin nan ne ya sami jijiya a karon farko. Wanda ya ji mu daga waje a daren nan zai ce ba mu da imani. A nan kam wasan bai yi ƙarya ba: masu wannan aiki suna dariya, domin wanda ya riƙe kukan kowane gado a ƙirjinsa ba zai kai asuba yana aiki ba.

Amma akwai iyaka, Baba, kuma ba zan kare wanda ya tsallake ta ba. Ba a yi wa majinyaci dariya, ba a yi a kansa, ba a ɗaga murya kusa da mai nishi. In ka ƙwanƙwasa ka ce numfashin Hajiya ya canza, dariya ta ƙare nan take, wani ya taso. In ba a taso ba, ka sake ƙwanƙwasawa, kada kunya ta hana ka, da safe kuma ka nemi majo, wato shugaban nas-nas na sashen, ka gaya masa ƙarfe nawa abin ya faru. Na karanta wa abokan aikina saƙonka a taron safe, ban faɗi daga ina ya fito ba, kuma mun yi magana a kan rufe ƙofa da sassauta murya da dare.

Game da Hajiya, a rage mata gishiri da dunƙulen miya, kada ta daina maganin da ke sa ta fitsari wai don ta ga kumburi ya saɓe, kuma in ta kasa kwanciya sai a zaune, ko ta farka cikin dare numfashi na yanke mata, a koma asibiti ba sai ranar da aka rubuta a karne ba. Ka rubuto mini ka gaya mini yadda ƙafafun suke yanzu. Allah ya ƙara mata sauƙi.