Amsa ga Malama kan karatun "ga matsala, ku warware"

Assalamu alaikum jama'a. Malama, tun jiya na saurari muryarki, gyaran takardun yara ne ya riƙe ni. Kin ce wannan tsari na aza wa ɗalibai matsala su nemo bakin zarenta kafin malami ya yi bayani, wai na masu kwamfuta ne, ba na lakwal ɗinmu ba.

To, asalinsa dai daga waje ne, ban musa ba. Jami'ar McMaster ta Kanada ta fara shi a 1969 da ɗaliban likita. A ba ƙaramar ƙungiya labarin maras lafiya, su ware abin da suka sani da wanda ba su sani ba, kowa ya tafi bincike, su dawo su haɗa. Amma ki dubi shekarar, wa ke da intanet lokacin?

Ni bara na gwada. Wake mai ƙwari na zuba cikin gorar roba 2, ɗaya na cika ta na toshe gam, ɗaya na ɗaure bakinta da tsumma. Bayan ƴan makonni, ta tsumman ta koma gari, ta toshen kuwa ƙwari sun mace. Na ce, to, mi ya kashe su, ba mu sa magani ba? Wani ya ce zafi. Wani ya ce yunwa, aji ya kwashe da dariya, ga wake gabansu! Sai wata yarinya, babanta na sayar da wake a babbar kasuwa, ta ce ai su buhun PICS suke sawa, mai leda 2 a ciki, a ɗaure kowace daban. Daga nan suka gano iska ce ta ƙare musu. Darasin numfashi ke nan, ban rubuta komi a allo ba tukuna.

Amma fa kar in yi miki ƙarya. Yara 80, ƙungiya 10, hayaniya sai da darakta ya leƙo. Abin da nike shiftawa cikin awa guda ya ci mini zama 3, kuma BEPC, jarrabawar ƙarshen kwaleji, ba ta jiran kowa. Mafi wuya ma, wallahi, kama bakina. Amsar na kan harshena, yaro na ta kewaye.

Shi ya sa ban ce kullum ba. Sau ɗaya a zango ya isa farko. Gorunan na nan ofis, in kina so gobe in aiko yaro da su.