Ƙanena, kafin ka jingina da Tarihul Fattash, ji abin da ya same ni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena mai tambaya, tun bayan isha'i na ga saƙonka, na aje waya na kwanta, barci ya ƙi zuwa. Ka ce kana rubuta memuwar, wato kundin binciken kammala karatu, a Yamai a kan Kanta na Kabi da Askiya Muhammadu sarkin Songai, kana da fotokopin Tarihus Sudan da Tarihul Fattash, littattafan tarihin Songai, na fassarar Faransanci, wani littafi ya ce Askiya ya ci Kano da Katsina, wani ko ambatar zancen bai yi ba, shekaru sun ƙi haɗuwa, ba ka da Larabci, mushen da ke duba aikinka kuma wata biyu ke nan bai ce maka uffan ba, har ka fara tunanin canza batu. Wallahi kamar ni na rubuta. Kar ka canza. Amma bari in gaya maka ramin da na faɗa, don na hango ka kana dosarsa.

Ni nawa aikin a kan bayi ne a daular Songai. Na ɗora babi sukutum a kan wurin nan na Fattash da ke lissafa ƙabilu 24 da aka ce Askiya ya gada daga Sonni Ali a matsayin mallakarsa. Murna nake yi, ina ganin na samu shaidar gani da ido, tunda an ce Mahmud Ka'ati ne ya rubuta, mutumin da ya yi zamani da Askiya har ya raka shi aikin hajji. Na ba wani mushe aikin ya duba. Ba zan faɗi sunansa ba, ba zan faɗi makarantar ba. Wata biyar aikin yana hannunsa. Da ya maido mini, ba abin da ya taɓa sai waƙafi da digo, da jan bik, shafi bayan shafi. Na yi masa godiya har da durƙusawa.

Ranar sutnans, wato ranar kare aikin a gaban malamai, watan Afirilu ne, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya, kowa na fifita da takarda. Mahaifiyata ta taso tun daga Tawa, tafiyar sama da kilomita 500, da ƙullin kilishi da ta ce na walima ne, tana zaune can baya, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Faransanci. Mutumin nan yana cikin juri. Da aka ba shi magana, ya cire tabarau ya ce: wannan shaidar naka, yaushe aka haife shi? Na ce 1468. Ya ce yaushe ya rasu? Na ce 1593. Ya ce to lissafa mana. Na lissafa, shekara 125. Ya yi shiru, ya bar shirun ya daɗe, har sai da na ji wani ya yi dariya a bayana. Sannan ya zaro wata takarda daga jakarsa, maƙalar Nehemia Levtzion ta 1971, ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Ashe tana jakarsa. Ashe duk wata biyar ɗin nan da yake gyara mini waƙafi ya san babin a kan rairayi na gina shi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. An ba ni sakamako da ƙyar, da sharaɗin in sake babin. Da muka fito, tsohuwa ta kama hannuna tana tambaya ko an gama, don ta ga fuskata. Na ce an gama, Inna. Kilishin nan kwana uku ya yi ban iya cinsa ba.

Kuskuren nawa ne, ban taɓa musu ba. Abin da har yau ke ci mini rai, me zai rage shi da shi in ya kira ni ofis ya ce yaro, je ka karanta wannan? Minti biyar. Ya zaɓi ya ɓoye ya jira taron jama'a. Na sha haɗuwa da shi bayan haka, ina gaishe shi saboda girmansa, amma zuciyata ba ta saki ba. Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Ga abin da takardar ta ƙunsa, don kar a yi maka yadda aka yi mini. Houdas da Delafosse, Faransawan da suka fassara Fattash suka buga shi a 1913, sun harhaɗa shi ne daga kwafi uku. Ɗaya daga ciki na da abubuwan da sauran ba su da su, kuma a cikinsa ne ake samun zancen cewa an yi wa Askiya bushara shi ne halifa na 11, na 12 kuma wani Ahmadu ne da zai fito a Masina. To Ahmadu Lobbo ya kafa daularsa a Masina a 1818. Ka ga wanda busharar ta yi wa amfani. Zancen ƙabilun da na dogara da shi ma a wannan kwafin yake. Asalin littafin na ƙarni na 17 ne, jikan Ka'ati ya rubuta, sannan a ƙarni na 19 aka sa masa hannu. Mauro Nobili ya zo daga baya ya nuna aikin Nuhu ɗan Ɗahiru ne, babban malami a Hamdallahi, fadar Ahmadu Lobbo. Ba na ce ka jefar da littafin ba, a'a. Amma duk jimlar da za ka ɗauka, ka san daga wane kwafi ta fito. Ka karanta gabatarwar masu fassarar da ƙananan bayanan ƙasan shafi. Mu ɗalibai mukan ce wa mai fotokopi ya tsallake gabatarwa don mu rage kuɗi. Ni haka na yi. 'Yar dala ɗari da na adana ita ta jawo mini wannan rana.

Yanzu maganarka ta Kano. Wanda ya ce Askiya ya ci Kano da Katsina da Zazzau shi ne Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus. A Italiya ya rubuta, ya gama a 1526, daga abin da ya tuna da abin da aka gaya masa, kuma masana da yawa na shakkar ko ya taɓa taka ƙasar Hausa. Tarihin Kano bai san da wannan ci ba. Abdurrahman as-Sa'adi, marubucin Tarihus Sudan, wanda ba ya barin yaƙin Askiya ya wuce bai ƙirga ba, hari ɗaya ya ambata a kan Katsina a 919 ta hijira. Kai kana ganin wannan saɓani matsala ce. Wallahi shi ne memuwar ɗinka! Jera su ukun, ka tambayi kowannensu: wane ne kai, ina kake zaune, shekara nawa tsakaninka da abin, wa ke ciyar da kai?

Wa ke ciyar da kai, wannan tambayar ka riƙe ta da kyau. Sa'adi an haife shi a 1594, bayan Marokawa sun karya Songai a Tondibi a 1591, kuma ya yi wa pasha-pashan Tumbutu aikin magatakarda. Littafinsa ya kai wajen 1655. Sonni Ali ya rasu a 1492. Wato sama da shekara 160 tsakani, kuma marubucin ɗan gidan malaman Tumbutu ne, waɗanda Ali ya gallaza wa kakanninsu. Yaya kake so ya kira shi in ba azzalumi fajiri ba? Ba ƙarya nake cewa ya yi ba, amma mai ciwo ne ke ba da labari. Haka kuma zancen Kanta: Sa'adi ya ce rabon ganima ne ya raba shi da Askiya bayan yaƙin Agadas, wajen 1516. Wannan idon Songai ne. Kabawa fa, me suke faɗa? Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ya yi maganar Kanta a Infaƙul Maisuri a 1812, kusan shekara 300 bayan abin, kuma shi ma daga gidan da ya yaƙi Kabi ya fito.

Batun shekaru kar ya hana ka barci. Shekarar hijira ta fi ta miladiyya gajarta da kwana 11, don haka kusan kullum tana hawa kan shekara biyu. 919 ɗin nan ta faro a 1513 ta ƙare a 1514, ka rubuta duka biyun. Tarihin Kano kuwa ba ya ba da shekara, tsawon sarauta yake bayarwa. Wannan shekara ta 999 da ake cewa Bagauda, sarkin Kano na farko, ya hau, Palmer ne da ya fassara littafin a 1908 ya lissafo ta da baya da baya. In an ƙara wa sarki ɗaya shekara goma, duk na gabansa sun goce. Kuma littafin ya zo har kan Sarkin Kano Muhammadu Bello na ƙarshen ƙarni na 19, ka ga ba a zamanin Yaji aka zauna aka rubuta shi ba. Shi ya sa ya ce Wangarawa sun iso Kano zamanin Yaji, alhali littafin Asalin Wangarawa, na tsakiyar ƙarni na 17, ya kai zuwansu zamanin Rumfa. Shekara ɗari ke nan tsakani.

Larabci kuma, ƙanena, kar ka yaudari kanka, kana bukatarsa. Ba sai ka zama shehi ba. Ni bayan abin da ya faru na koma Tawa, na sami wani dattijo mai karantar da Ishmawi da Iziyya a zaure, na zauna cikin yara bayan asuba, shekara biyu. Ranar da na fara karanta layi ɗaya na Sa'adi da kaina sai da na yi hawaye. A nan na gane kalma ɗaya ta Larabci mai fassara kan maida ta bawa a wani wuri, mai hidima a wani wuri, ni kuma a kan fassarar na yi ta gina hujja. Kana Yamai, kana da gata. Je ka sashen rubutun hannu na IRSH, cibiyar bincike ta jami'ar Yamai, inda takardun da Boubou Hama ya tara suke, dubbai ne. Ko ba ka iya karantawa ba tukuna, ka je ka ga yadda kwafi yake, inda magatakarda ya tsallake layi, inda wani ya ƙara magana a gefe da wata tawada daban. Gani ya kori ji. Ka leƙa CELHTO ma, cibiyar nazarin harsuna da tarihin baka da ke Yamai. Kuma ka nemi littattafan Djibo Hamani, na Adar na 1975 da na Ayar na 1989. Ba don batunka ne kai tsaye ba, don ka ga yadda yake aza Tarihin Agadas kusa da abin da tsofaffi suka faɗa masa, ba ya barin ɗaya ya haɗiye ɗaya.

Wannan ya tuna mini abin da ke damuna a aji. Ina koya wa yara a nan ƙasar Adar cewa Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadul Mubarak, ya ci Adar a 1674, tunda haka aka rubuta. Wata rana wani yaro daga ƙauye ya ɗaga hannu ya ce mushe, kafin ya zo ba kowa a nan? Akwai mana. Azna suna nan a kan duwatsunsu, da gonakinsu da tsafinsu, amma ba su da magatakarda. Littattafan nan na sarakuna ne da malamai. Manomi, maƙeri, macen da ke dakan gero, sai dai su faɗo cikin labari ta gefe. Shi ya sa na fi son ƙananan maganganun da marubuci ya yar bai damu da su ba, kamar inda Tarihin Kano ya ce zamanin Yakubu Abzinawa suka zo Gobir, gishiri ya yawaita a ƙasar Hausa. Ko Ibn Batuta da ya sauka Takadda a 1353 ya ce ana kai tagullarta Gobir da Borno. Ba wanda zai ƙirƙiro wannan don ya faranta ran sarki.

Kuma don Allah 'yan uwa, duk mai tsofaffin takardu a gida ya duba su yau. Kakana ya bar adaka cike, muka bar ta a ɗakin ƙasa damina bayan damina. Ranar da na buɗe, gara ta gama da ita, sai gari da 'yan guntaye da ba su kai tafin hannu ba. Har yanzu ban san me ke ciki ba. Ku ɗauki hotonsu da waya ko da ba ku iya karantawa.

Mushenka da ya yi shiru, kar ka zauna jiransa. Ka je ofis, ka gaishe shi da ladabi, ka tambaye shi baki da baki: akwai abin da aka rubuta a kan ingancin waɗannan littattafai da ya kamata in karanta? Ka sa ya faɗa da bakinsa, ka rubuta a kaye a gabansa. Kuma ka ba mutum biyu ko uku aikinka su duba, kar ka rataya wuyanka a hannun mutum ɗaya. Watakila naka mutumin kirki ne, aiki ne ya yi masa yawa, ban sani ba, ni dai wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake.

Fotokopina na Fattash yana nan, wanda na saya na biyu, mai gabatarwa. Na bi shi shafi shafi na ja layi a gefen duk wurin da ya fito daga kwafin nan na uku. In an yi hutu zan shigo Yamai, in Allah ya yarda. Ka yi mini magana ta gefe in taho maka da shi, ka kwafe, ka maido mini.