Mutanen Gashuwa da ruwan madatsar Tiga

Malam, ka tambaya ko mutanen Nguru da Gashuwa suna da ta cewa kan ruwan da aka tare a Kano. Suna da ita mana, ai kogi ɗaya ne.

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, sannan ta Challawa a 1992, ambaliyar damina da ke cika fadamun Haɗeja zuwa Nguru ta ragu. Ruwan da ake saki har da rani kuma shi ya ba kachala, wata doguwar ciyawar ruwa, damar yaɗuwa. Ta toshe hanyoyin ruwa, gonar wani ta nutse, ta wani ta bushe ƙayau, tsuntsun nan jan-baki kuma ya samu maɓoya yana cinye shinkafa. Masunci ya rasa inda zai jefa koma. Abin yana ci mini rai matuƙa.

A 2006 jihohin Kano, Jigawa, Bauchi, Yobe, Borno da Filato suka kafa asusu ɗaya don kula da kogunan yankin. A ganina abin da ya fi gaggawa shi ne a sanar da na gangare lokacin sakin ruwa tun kafin shuka, a zauna da sarakunan ruwa, manoma da makiyaya a tsara shi, garuruwa kuma su ci gaba da aikin gayya suna sare kachalar.