Afdet ɗin sanyi na Cooking Diary: in zuba rubina ko in ƙyale?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni dai na kusa shekara ina buga gem ɗin girkin nan Cooking Diary a wayata, toh yanzu sun kawo afdet ɗin ƙarshen shekara, gari duk ya koma ƙanƙara da fitilu da bishiyar Kirsimeti, ga sabbin kayan sawa, ga gasa da agogo a kanta yana ta ƙirgawa, kuma akwai kyaututtukan da sai ka biya kuɗi za a buɗe maka. Na daɗe ina tara rubi, wato kuɗin cikin gem ɗin mai wuyar samu, ban taɓa shi ba, 'yan ƙungiyarmu kuma sai cewa suke kowa ya dage kar a bar mu a baya. Sannan tun da na yi afdet ɗin wayar ke ɗan maƙalewa abinci na ta ƙone min. Dan Allah ya kake ganin afdet ɗin, ya kai in kashe rubin ko har in sa kuɗina? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, na gode. Amsar a gajarce ita ce ki buga abinki, ki kwashe duk abin da suke bayarwa kyauta, amma rubin nan ki bar shi wa kicin, kuɗi kuma kar ki yi saurin sawa sai kin ga inda ƙarfinki ya tsaya a gasar. Bari in faɗa miki dalili, don in kika gane yadda ake haɗa irin wannan afdet ɗin ba sai kin sake tambayar kowa ba in na gaba ya zo, kuma zai zo.

Shi Cooking Diary kamfanin Mytona ne ya fitar da shi a 2018, kamfanin da wasu tagwaye suka kafa a 2012 a garin Yakutsk can Sibiriya, garin da sanyi ke wuce digiri 40 ƙasa da sifili, kinga su ƙanƙara ba ado ba ce a wajensu. Gem ne da ake saukewa kyauta, to ta ina suke cin abinci? Ta ɗan abin da 'yan wasa ke saya a ciki. Mafi yawan masu bugawa ba sa biyan ko sisi, 'yan kaɗan ne ke ɗauke da sauran, shi ya sa kamfani ba ya son ki gaji ki goge gem ɗin, kullum sai ya samo abin da zai dawo da ke. Kalandar da suka fi bi ta Turai da Amurka ce, Halowin a 31 ga Oktoba da kabewarsa, Kirsimeti a 25 ga Disamba, ranar masoya a 14 ga Fabrairu, sai na bazararsu da su bakin teku, mu nan muna fama da ƙurar hunturu da tsagewar leɓe amma a waya ana ta zubo mana da ƙanƙara a Tasty Hills, garin da ke cikin gem ɗin. Wasu gem ɗin kamar PUBG Mobile da Free Fire suna yin na watan azumi saboda yawan 'yan wasansu a ƙasashen Musulmi, duk lissafin kasuwa ne.

Ni in zan auna afdet, abu na farko da nake dubawa shi ne ya taɓa girkin kansa ko kuwa bango kawai ya taɓa. Shiga lebul ɗaya ki lura da hannunki. Kwastoma ya tsaya da oda a saman kansa, ma'aunin haƙurinsa na sauka, kin ɗora nama a wuta, kin danna lemo, kin juya kan na biyu mai son cips, kafin ki dawo naman ya fara baƙi, ki cire shi a daidai ko ya tafi kwandon shara, in kin sallami mutane a jere da sauri a ƙara miki tukwici. Toh wannan shi ne gem ɗin gaba ɗayansa. Yanzu tambayi kanki, bayan afdet ɗin akwai abin da ya sake a wannan juyin? In sun kawo sabon gidan abinci mai injin da ba ki saba da shi ba, ko girki mai hawa biyu uku wanda sai kin sake koyon inda yatsa zai fara zuwa, wannan sabon abu ne na gaske kuma ya cancanci lokacinki. In kuwa kwastoman ne kawai ya sa jar hula aka rataya fitilu a taga, to kamar mai tuwon da ta sake labule ta yi wa shago fenti a jajibirin sallah ne, wurin ya yi kyau wallahi ba ƙarya, amma miyar da ke tukunya ita ce ta jiya. Abin da kika lissafa min, ƙanƙara da fitilu da kayan sawa, duk ɓangaren ado ne. Ba laifi ba ne, masu zanen gem ɗin nan sun iya aikinsu, kuma mutane da yawa don kwalliyar ma suke bugawa, su shirya 'yar tsanarsu su shirya mage ko karen da ke biye da ita su ƙawata shago. Kawai dai ki san me kike saya, riga ba ta sa nama saurin gasuwa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a tambayarki agogon nan ne. Shi ne injin afdet ɗin. Yadda ake tsara irin wannan gasar kusan iri ɗaya ne a duk gem ɗin girki, lebul ɗin farko-farko sai su zo da sauƙi kamar wasa, kina ci ana ba ki kyauta kina ci ana ba ki kyauta, har ki ji ai wannan kafin jibi na gama, sai kin yi nisa kin riga kin zuba lokacinki sannan abin ya fara tauri, a ce kar abinci ko ɗaya ya ƙone, ko kar kwastoma ko ɗaya ya yi fushi ya tafi, ga mutane na shigowa da oda bibbiyu, kin kusa ci saura mutum ɗaya lokaci ya ƙare, nan take sai allo ya fito miki da tayin ƙara lokaci da rubi kaza. A nan ake cinye rubin mutane, ba a wajen sayen riga ba. Don a wannan daƙiƙar zuciya ta riga ta hau, kina ganin in kin bari rai ɗaya, wato damar buga lebul, ya tafi kuma sai kin jira ya dawo, ga agogon gasa na gudu, ga 'yan ƙungiya na jira, sai ki danna. Sau ɗaya ba komai, amma lebul na gaba ma haka zai yi miki, kuma rubin da kika biya don ƙarin lokaci ya tafi kenan, bai bar miki komai a kicin ba.

Shi ya sa nake cewa ki kai shi inda zai zauna. In kin ɗaga abin gashi ya rage lokacin dahuwa, ko kin ƙara gurbin ɗora abinci, ko kin ɗaga darajar kayan haɗi farashin kwano ya hau, wannan yana nan a duk lebul ɗin da za ki buga a wannan gidan abincin, ko an kwashe ƙanƙarar ko ba a kwashe ba. Kuma in za ki ɗaga kar ki bi su a jere yadda aka jera miki, duba abin da ke tsayar da ke. In kullum lemo kike jira injin lemo za ki fara da shi, in nama ke ƙonewa don hannunki na wani wajen to gurbi ko saurin wuta. Masu buga Cooking Fever, na kamfanin Nordcurrent da ke Vilnius a Lituweniya wanda ya fito tun 2014, sun san wannan karatun sosai, can kowane gidan abinci lebul 40 ne kuma duk wanda ya watsar da duwatsunsa, wato irin rubinsu na can, a kan abin banza sai ya zo ya tsaya cak yana kallon sabon gidan abinci ba halin buɗewa.

Su kuma bustoci, wato kayan taimakon da ake ba ki kyauta a farkon gasa, irin mai hana abinci ƙonewa da mai sa girki ya nuna nan take, kar ki ƙona su a lebul ɗin da ko ido rufe za ki ci. Ki tara su sai wajen da aka ce kar komai ya ƙone. Haka in an ba ki rai mara iyaka na ɗan lokaci, kar ki karɓa kina shirin ɗora sanwar gaske ko kina jiran a kira sallah, don lokacinsa na tafiya ko kina bugawa ko ba kya bugawa.

Maganar sa kuɗi. Tsarin kyaututtukan da kika gani layi biyu ne, na kyauta da na biya, kuma da gangan ake nuna miki na biyan a kulle kusa da naki don duk matakin da kika hau ki ga abin da ya wuce ki. Gaskiyar magana in mutum dole sai ya kashe kuɗi a irin gem ɗin nan, tikitin da ke buɗe layin biyan ya fi sayen rubi tsurarsa riba, amma da sharaɗin kin kai ƙarshen layin, don biya ba ya hawa matakan a madadinki. Saboda haka kar ki saya ranar farko. Ki buga na kyauta tukuna, in an kusa rufewa ki ga ina kika kai, ki karanta bayanin tikitin ki tabbatar yana ba da kyaututtukan matakan da kika riga kika wuce, sannan ki yanke shawara da idonki a buɗe. In rabin hanya kika tsaya, ki riƙe kuɗinki. Akwati ko wani abin juyawa da ba ki san me zai fito ba kuwa, ni ban ba ki shawara ba sam, sa'a ce kawai, kuma tun 2017 Apple ya wajabta wa masu gem su bayyana yiwuwar samun kowane abu a irin waɗannan akwatunan da ake saya, Google ma ya bi sahu a 2019, in kin ga irinsa nemi ɗan alamar bayanin ki karanta kafin ki taɓa. Sannan in yara na ɗaukar wayarki kuma akwai kati a jone da Play Store, shiga saiti ki kunna neman tabbaci kafin kowane saye, tayin nan manya-manya ne masu sheƙi kuma yaro dannawa kawai zai yi.

'Yan ƙungiya kuma, ki yi iya naki. Ladan ƙungiya na da daɗi ba musu, amma ba wanda zai mayar miki da rubinki in gasa ta ƙare. In kullum sai an matsa miki, akwai ƙungiyoyi birjik da ba ruwansu da wannan zafin.

Sai maƙalewar waya, wadda a ganina ita ce matsalarki ta gaske, don a gem ɗin da daƙiƙa ɗaya ke raba gasasshe da ƙonanne, in allo ya tsaya ko na ƙiftawar ido ne an riga an cuce ki, kuma sai ki ɗauka ke ce ba ki iya ba ki je kina sayen ƙarin lokaci. Afdet ɗin biki yana zuwa da sabbin hotuna da motsi da kiɗa, ƙanƙara na zuba fitilu na walƙiya, duk wannan RAM yake ci, wato ƙwaƙwalwar da waya ke aiki da ita, wayar da ke da 2GB ko 3GB irin waɗanda da yawanmu ke riƙe da su dole ta ji a jikinta, balle in ma'ajiyar 32GB ce kuma bidiyoyin WhatsApp sun cika ta. Kafin ki taɓa komai ki tabbatar kin jona gem ɗin da Facebook ko wata hanyar ajiya da ke cikin saitinsa, wannan shi ne farko. Bayan nan ki rage kaya a wayar ki samar mata sarari, ki rufe su TikTok da sauran abin da ke buɗe a baya kafin ki shiga, ki kashe yanayin tattalin batir don yana rage wa waya gudu, kuma kar ki buga tana jone a caji ta yi zafi, waya in ta yi zafi da kanta take rage ƙarfi. In za ki share tarkace a saitin manhaja ki kula sosai, maɓalli biyu ne kusa da juna, wanda aka rubuta Clear cache shi ne naki, Clear data kuwa in ba ki jona akawun ba zai iya mayar da ke lebul na 1 a gidan boga na kaka Leonard, kakanki a labarin gem ɗin. Gasa da ƙungiya kuma suna son intanet, in sabis na rawa ki jira ya daidaita kafin ki shiga lebul mai wuya. Kuma ki sa Play Store ya daina afdet da kansa a kan datarki, ki bari sai kin samu wayfay ko datar dare, ki kuma ɗan jinkirta kwana biyu in sabo ya fito, don sau da yawa ƙaramin gyara na biyo bayan babban afdet.

Za ki ga masu tallan wani kwafin gem ɗin wai mai rubi mara ƙarewa, a ce ki sauke daga wani shafi. Kar ki kusance shi, ko a rufe miki akawun ɗin da kika yi shekara kina ginawa ko ki jawo wa wayarki abin da zai kwashe miki bayanai, a waya ɗaya da manhajar bankinki.

Abu ɗaya da za ki saka wa ido shi ne ranar rufewa. Agogon gasar ba ruwansa da ƙarfe goma sha biyun daren Zariya, da nasu lissafin yake tafiya, yana iya ƙarewa da rana tsaka kina wajen aiki ko makaranta, don haka ki duba awa nawa suka rage ki ƙirga da kanki. Duk wani kuɗin gasa na musamman da kika tara ki kashe shi tun ana saura kwana ɗaya, ki fara da bustoci da abin da zai yi miki aiki a kicin, in ya yi saura sai ki ɗauki rigar da ta fi burge ki.